Yadda ake shiga kangon tsohon gidan silima a fito lafiya

A watan Janairun 2009 manyan gidajen silima uku da suka rage a Kamaru suka rufe ƙofa: Abbia a Yawunde, Wouri a Duwala, da Empire a Bafusam. Namu na Arewacin Kamaru sun riga su mutuwa. Ɗakunan kallon bidiyo na cikin unguwa suka fara janye 'yan kallo, faɗuwar darajar sefa a 1994 ta ninka kuɗin hayar fim da na kayan gyara, sannan faifan CD da tauraron ɗan'adam suka ƙarasa abin. Sunaye irin su Ribadu a Garwa da Adamawa a Ngaundere sun tsaya a bakin dattawa, ana kwatance da su. A Njamena kuwa yaƙi ne ya fara yi musu illa. Normandie, wanda aka gina a 1949, sai a 2011 aka sake buɗe shi bayan gyara. Sauran wasu sun zama shaguna, wasu sito, wasu coci, wasu kuma an sa musu kwaɗo an bar wa jemagu.

Irin na ƙarshen nan ake magana a kai. Abin da za ka riƙe tun daga waje shi ne kangon silima ba ɗaya yake da kangon gida ba. An gina shi don duhu da taron jama'a, saboda haka ba taga, rufinsa mai faɗi ne ba ginshiƙi a tsakiya, daɓensa gangare ne, benensa a rataye yake, sannan akwai ƙaramin ɗaki a sama da aka cika da wuta mai ƙarfi da kayan da ke ci da wuta. Duk abin da ya mai da shi silima, shi ne abin kallo a ciki, shi ne kuma inda haɗarin yake.

Mabuɗi kafin komai

Babu kangon da ba shi da mai shi. Da yawa cikin irin waɗannan gine-gine rabon gado ne ya tsayar da su, kuma wannan ya shafe ka kai tsaye: mutumin da aka gani da tef yana awon bango, ko dai a ɗauke shi dillali ko ɗan aiken wani magaji. Fara da mai shayi ko mai facin taya da ke jikin katangar, su suka san wa ke riƙe da mabuɗi. Daga nan ka je wurin mai unguwa, wato jauro ko lawan, a Chadi bulama, ko Sarkin Hausawa in akwai sanayya. Magana a taƙaice: "Ranka ya daɗe, tarihin wurin muke so mu rubuta. Ba saye muka zo ba, ba za mu ɗauki ko ƙusa ba, kuma muna so a haɗa mu da mutum daga gidan." Ka nemi amincewar mai ginin a rubuce, ko da layi biyu ne da sa hannu. Katin shaidarka ya kasance a aljihu. A Marwa, Kusiri da kewaye, inda sha'anin tsaro ya sa kowa ido ne, a sanar da 'yan sanda ko jandarmomi tun kafin ranar. A Chadi a tambayi hukuma batun izinin ɗaukar hoto kafin a fito da kyamara. Haura katanga ko ɓalle kwaɗo laifi ne, ko da rufin ya zube.

Sai ka tambayi wanda ya fi mabuɗin ma amfani: tsohon mai haska majigin gidan, ko mai yankan tikiti. In yana raye kuma ƙafarsa na ɗaukarsa, a ɗauko shi da girmamawa da goronsa. Shi zai ce maka, "Ɗana, kada ka taka nan, tsohuwar shadda ce a ƙasa."

Lokaci da kayan aiki

Rani ake shiga, daga Disamba zuwa Fabrairu. Da damina katako ya sha ruwa ya yi nauyi, bangon da ya jiƙe ba ya riƙe kaya, ciyawa ta rufe ramuka. Maris da Afrilu kuma zafin Garwa da Njamena yana haura digiri 40, ƙarƙashin kwano ya fi haka. A shiga da hantsi, wajen ƙarfe takwas zuwa goma, a fito cikin awa ɗaya da rabi. In iska mai ƙarfi ta taso, a ɗage. Kwanon da ƙusarsa ta ci tsatsa yana tashi kamar wuƙa.

Mutum uku ya fi: biyu a ciki, ɗaya a bakin ƙofa da waya da abin hawa a shirye, ya kuma san ƙarfe nawa aka ce za a fito. Cikin na ciki, in da hali, a samu magini ko kafinta da ya daɗe a sana'a. Kada a wuce huɗu, domin bene da matakala nauyi suke ji.

Kowa ya sa takalmi rufaffe mai taurin ƙasa wanda ya rufe idon sawu, dogon wando mai kauri, riga mai dogon hannu mai haske, safar hannu ta fata, da hular kwano, ko ta mai mashin ce. Babbar riga da silifa a bar su a gida. Takunkumi ya zama mai lamba FFP2 ko N95, wanda ke manne wa fuska. Na yadi da rawani ba sa tare ƙurar da ake gudu. Tocila biyu ga kowane mutum, ɗaya ta goshi don hannu ya zauna sake. Sanda mai tsawon mita ɗaya da rabi, ƙaramar guduma, alli, tef na mita 30 ko 50, igiya da ɗan dutse, ruwa lita biyu kowa, sabulu, bandeji, littafi da fensir. In ka shekara goma ba ka yi allurar tetanus ba, yi ta tukuna. Kada a shafa turare, ƙudan zuma na bin ƙamshi. Ashana, sigari, kyandir da fitilar kananzir ba sa shiga ko kaɗan. Dalilin yana can sama a ɗakin majigi.

Karatun gini daga waje

Zagaya shi sau biyu kafin a buɗe ƙofa. Ja da baya sosai ka dubi tsororuwar rufin. Ya kamata ta miƙe sambal. In ta lotsa a tsakiya kamar bayan tsohon jaki, ɗaya daga cikin katakai ko ƙarafan da ke ɗauke da kwanon, abin da kafintoci ke kira sharpant, ya karaya. A gida mai ɗakuna bangon tsakiya kan tare rufi. A silima babu abin da zai tare shi, kuma da yake duk a ɗaure suke da juna, in ɗaya ya faɗi yakan jawo na kusa da shi. Lotsewar tsororuwa kaɗai ta isa a fasa shiga zauren.

Fuskar silima yawanci doguwa ce, an ɗaga ta sama da rufi don rubuta suna da liƙa fasta. Bayanta akwai indararo da ba a gani daga titi. Ganyen darbejiya da kashin tattabaru sukan toshe shi, ruwa ya kwanta, ya riƙa tsiyaya daidai inda kan katako ya shiga bango. Nan ne ruɓewa da gara ke farawa. Alamarsa baƙin zane ko kore da ya gangaro a jikin bango, ko cediya da ta tsiro a sama. Bishiyar da ta kai kaurin hannu a kan bango ta riga ta raba bulo da bulo.

Tsagewa iri-iri ce. Siririya kamar gashi a fatar shafe ba komai ba ce. Wadda ta bi karkace daga kusurwar ƙofa, ko ta hau kamar matakala, ko ta buɗe har kwandalar sefa 100 ta shige a tsaye, ko gefe ɗaya ya turo gaba ya bar ɗayan, wannan bango yana tafiya. Saki igiya da dutse daga tsawon hannunka a jikin dogon bangon gefe. In tazarar sama da ta ƙasa sun bambanta a fili, rufin yana tura bangon waje.

Ka duba wayoyi ma. Cire mita ba ya nufin babu wuta, domin sau da yawa maƙwabta sun ratsa da wayarsu ta cikin kangon. Kowace waya ka ɗauke ta mai rai ce. Sannan ka tsaya shiru minti biyar ka kalli ramukan shan iska na sama. In ƙudaje na shiga da fita a rami ɗaya ba fasawa, zuma ce. A kira masu cire zuma, a dawo wani mako.

Bakin ƙofa da zaure

Yi sallama da ƙarfi, ka maimaita. Kango kan zama makwancin mai taɓin hankali ko maɓoyar 'yan shaye-shaye, kuma ba a so a yi wa kowa ba-zata. In ka ga tabarma, sabuwar toka ko kwalayen ƙwaya, ka koma ka gaya wa mai mabuɗi. Batun aljanun kango kuwa, addu'ar shiga ba ta hana duba daɓe, kuma yawancin hucin da ake ji a saman silin mujiya ce.

A buɗe ƙofar, a tokare ta da dutse, a bar iska ta shiga na minti goma sha biyar. A nemi ƙofar gefe, wadda 'yan kallo ke fita in an tashi, a buɗe ta ita ma in za ta buɗu, don a sami mafita biyu. Da ka shiga, tsaya aƙalla minti biyar idonka ya saba. Wanda ya fito daga ranar Sahel ya faɗa duhu makaho ne na ɗan lokaci, kuma a wannan lokacin ne ake karya ƙafa.

Ɗan ɗakin sayar da tikiti, gishe, yana nan gaba da tagarsa mai ƙarafa. Taga biyu ko uku na nuna farashi iri-iri: bencin gaba na masu ƙaramin kuɗi, kujerun baya, da bene na manya.

A zaure, tsarin tafiya ɗaya ne: tocila sama, tocila ƙasa, sanda, sannan ƙafa. Bi gefen bango, amma ba wanda ya tsage ba. Tazarar mita uku tsakaninka da abokinka. Yi alama da alli a kowace kwana. Daɓen yana gangarawa zuwa wajen allo, wani wurin da ƙananan matakai da ƙura ta rufe. In an kwashe kujeru, kusoshin da suka riƙe su suna nan a tsaye jere-jere, su ne ke huda takalmi. Tarin tarkace a ƙasa yana faɗa maka abin da ya faɗo daga sama, kuma abin da ya rage a saman zai biyo shi, don haka kewaye shi. Silin na falankin da ya yi ciki yana ɗauke da kashin jemage mai nauyi; kada a zungure shi da sanda.

Wannan kashin shi ne haɗarin da ba a gani. Wata ƙwayar cuta irin ta funfuna tana rayuwa a ƙasar da ta gauraya da kashin jemage da na tsuntsaye, ana shaƙar ta in ƙura ta tashi, ta kama huhu. Kada a share, kada a karkaɗe labule, kada a ja ƙafa. Jemage kuma ba a taɓa shi da hannu ko a mace. In ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti goma sha biyar, a tafi asibiti ranar don allurar haukan kare.

Maciji ya fi son ƙarƙashin dandamali, tarin kujeru da tsohon kwanon da ke kwance. Kububuwa ta yi yawa a kwarin Binuwai, ƙarama ce, kalar ƙasa, kuma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Gamsheƙa tana tofi a ido daga nesa. In ta samu mutum a wanke idon da ruwa mai yawa nan take. Buga sanda a ƙasa kana tafiya, kada ka sa hannu inda idonka bai gani ba, ka ɗaga abu da sanda ta yadda zai buɗe can gaba. In an yi sara: ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibitin da ke da maganin dafi. A san wannan asibitin tun kafin a shiga.

Can ƙasa wajen allo ruwan sama ke taruwa. Dandamalin katako ba a hawansa. In allon yadi ne ko roba, haska shi ka ga ƙananan hudoji; ta nan sauti ke fitowa, domin lasifikokin a bayansa suke. A gidajen da rabinsu fili ne, allon bango ne kawai da aka shafa wa farin fenti. Dubi gefunansa: in ka ga an ƙara gini dama da hagu, an faɗaɗa shi ne don fim mai faɗi da ya fito a 1953. Rami, rijiya ko ɗakin ƙasa ba a shiga, iskarsu kan ƙare. Bayin gidan ma a tsaya daga bakin ƙofa, murfin shadda daga ƙasa yake ruɓewa.

Bene

Benen kallo, wato balko, ba shi da ginshiƙi a gaba don kada ya tare wa na ƙasa kallo. Bango ko babban bim na baya, wato dogon kankaren da ke kwance, ne ke riƙe da shi, kamar mutum ya miƙa hannu da tire. Fara dubansa daga ƙasa, kana tsaye a gefe. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya fasa kankaren da ya rufe shi. Jan zane, ɓaroron siminti, rodi a fili yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, duk alamu ne. Ƙwanƙwasa da guduma a hankali inda hannu ya kai: lafiyayyen kankare ƙara mai kaifi yake yi, wanda ya rabu da rodinsa sai ka ji kamar ƙwarya. Mafi muni ita ce tsagar da ta bi tsawon benen ta sama, daidai inda ya haɗu da abin da ke riƙe da shi, domin ƙarfen da ke ɗauke da nauyin a sama yake. In ka gan ta, ba hawa, ba kuma tsayawa a ƙarƙashi. In babu, a hau ɗaya bayan ɗaya, a taka matakala ta gefen bango, kada a jingina da ƙarfen dafawa, kada kowa ya je bakin benen.

Kabin

Ɗakin majigi, kabin a bakin masu aikin, shi ne inda ya cancanci a daɗe. Ƙidaya ramukan bangon gabansa. Yawanci huɗu ne, bibbiyu: ɗaya na haske, ɗaya na leƙen mai aiki. Majigi biyu ake sawa saboda faifai ɗaya na fim mai faɗin milimita 35 yana ɗaukar mita 600, kuma da yake hoto 24 ke wucewa a daƙiƙa, wato kamar mita 27 a minti, minti ashirin da ɗoriya ya ƙare. Fim ɗin Indiya na awa uku faifai tara ke nan. Mai aiki yana kallon ɗigon da ke bayyana a kusurwar sama ta dama, ya tayar da na biyu, ya juya haske. In ya makara, ihun 'yan benci ne zai tuna masa. Tambayi tsohon ya nuna maka inda yake tsayawa.

Ko an sayar da majigin a matsayin tsohon ƙarfe, sawunsa na nan: kusoshi a daɓe, da bututun hayaƙi a sama da kowane ɗaya. Bututun na nuna an yi aiki da fitila mai zafi ƙwarai, galibi ta sandunan gawayi biyu da wuta ke tsalle tsakaninsu. Guntayensu, baƙaƙe masu rufin jan ƙarfe kamar fensir, sukan zube a kusurwa. In kuwa kwan fitila mai iskar zenon ne a ciki, kada a buɗe gidan fitilar. Iskar cikinsa a matse take ko yana sanyi, yana fashewa da gilashi. Akwatin juya wuta na iya ƙunsar babban tulun gilashi mai zaiba, kuma tururinta guba ne. Farin abu mai kama da auduga ko kwali da aka naɗe wa waya da bututu, mai yiwuwa asbesto ne, wani abu mai zare da ke jure zafi, kamar yadda yake a tsohon rufin siminti mai tudu da kwari. In ba a taɓa shi ba da sauƙi; in aka farfasa, zarensa ya shiga huhu, sai bayan shekaru da dama cutar ke fitowa. Man da ya tsiyayo daga tsohuwar taransfoma ma ba a taɓa shi.

Sai gwangwanayen fim. Har zuwa farkon shekarun 1950 ana yin fim da sinadarin naitiret, wanda in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi, domin da kansa yake samar da iskar da yake ci, hayaƙinsa kuma kisa yake. Wanda ya lalace yana iya kamawa da kansa a zafin da bai fi digiri 40 da kaɗan ba. Tsofaffin kwafi sun daɗe suna yawo a gidajen silimar Afirka, saboda haka kada a ce ginin sabo ne. In wani faifai a buɗe yake, haska gefen hudojinsa: za ka ga an rubuta NITRATE ko SAFETY. Wanda ya koma ruwan zuma, yana danƙo, ya yi kumfa ko ya zama jan gari mai wari mai hawa kai, a fita a hankali a sanar da mai ginin da 'yan kwana-kwana. Warin tsami irin na binigar kuwa na fim ɗin da ya biyo baya ne, ruɓewa yake yi amma ba ya tashi da kansa. Gwangwanin da tsatsa ta liƙe, kada a buga shi don a buɗe. Ɗauki hoton takardar jikinsa kawai. Nan ake samun sunan fim, lambar faifai, wani lokaci da sunan mai rarrabawa, irin su COMACICO da SECMA, kamfanoni biyu na Faransawa da suka daɗe suna riƙe da kasuwar fim a ƙasashen da Faransa ta mallaka.

Haska bangon kabin da tocila a karkace, ba kai tsaye ba. Rubutun fensir da na ƙusa sai a haka yake fitowa: ranaku, sunayen finafinan kaboyi da na 'yan Sin, lissafin gawayi.

Awo da hoto

Awo huɗu sun isa: tsawon zaure, faɗinsa, faɗin allo, da nisan ramin majigi zuwa allo. Da na ƙarshen za ka iya gwada lissafi. Tagar da fim ke wucewa a majigi kamar milimita 21 ce. Ninka ta da nisan, ka raba da lambar da ke jikin gilashin majigin. Nisan mita 30 da gilashi mai lamba 75 zai ba da hoto mai faɗin mita 8.4. Yawan kujeru kuma daga kusoshin daɓe: ƙidaya layuka, ƙidaya na layi ɗaya, a benci ka ba kowane mutum kamar rabin mita. Don hoto, kashe filashi, yana haska ƙura ne kawai; ɗora wayar a kan abu tsayayye, abokinka ya share bango da hasken tocila a hankali. Naɗi muryar tsohon a waje, a inuwa, bayan an cire takunkumi.

Da an fito, a ƙidaya kai, a rufe ƙofa gaban mai mabuɗi. Kada a karkaɗe tufafi. A yayyafa musu ruwa, a sa a leda, a wanke su daban da na iyali, a goge takalmi da jiƙaƙƙen tsumma, a yi wanka kafin a ɗauki yaro. Zazzaɓi, tari ko ciwon ƙirji da ya zo tsakanin kwana 3 zuwa 17 bayan shiga, a gaya wa likita ƙarara cewa an shaƙi ƙurar jemage, don kada a tsaya kan maganin zazzaɓin sauro. In an tarar da fim, rajista ko fasta masu daraja, a bar su inda suke, a sanar da mai ginin, shi ya yanke ko za a kira ofishin al'adu na yanki. A kai masa kwafin hotuna tare da jerin wuraren da aka ga sun kusa zubewa, musamman bangon da ke fuskantar titi ko gidan maƙwabta. In za a sa hotunan a Facebook, a nemi yardarsa, kuma kada a nuna ta inda ake shiga ko inda tsohon ƙarfe da wayar tagulla suke.